Zakiyyar Hamisu

Hamisu ya faɗo ɗakin Labaran a Kusfa yana haki. "Zakiyya zan aura! Ita kaɗai ke karanta labaraina a Facebook. Tashi ka raka ni neman gidansu."

Labaran bai tashi ba. Shi ya ƙirƙiro Zakiyya, yake yabon Hamisu da sunanta don kada abokin nasa ya ajiye alƙalami. Shi kam Labaran, a nasa rubutun, yana da Sumayya, mai kuka a kan kowane babi ya saki. Bai taɓa ganinta ba, amma har ya fara haɗa lefe.

"Haƙuri za ka yi, Hamisu. Babu wata Zakiyya. Ni ne."

Hamisu ya daɗe yana kallon akwatunan da ke bayan ƙofa.

"To, kai ma mayar da atamfofin nan kasuwa. Ga Sumayyar taka tsaye gabanka, da gemunta."