Na'urar da ke Dantsen Baba

Ma'aikaciyar lafiya ta ƙi zama. Ta tsaya a ƙofar falo, ta dubi wayarta, ta dubi Baba, ta sake duban wayar. Babbar 'yarsa ta san ba lafiya ba. Tun da gwamnati ta kafa dokar dasa wa kowane tsoho 'yar na'ura a ƙarƙashin fata don lura da lafiyarsa, ba a zuwa gidan mutum haka kawai. Wanda kuwa ya yi wasa da dokar, a yanke masa maganin kyauta.

'Yar ta sha fama kafin Baba ya yarda a dasa masa. Ƙarshe ya ce shi kaɗai zai je wurin wani abokinsa likita, ya dawo da filasta a dantse.

"Baba, sakamakonka ya ba mu mamaki," in ji ma'aikaciyar. "Kullum na'ura tana nuna ka haye katanga, ka dira gidan maƙwabta."

Baba ya gyara zaman hula. "Ƙarfin mutanen da ke nan, 'yata."

'Yar ta zuba masa ido. Mutumin da sai an kama shi yake tashi daga kujera.

"Madalla," in ji ma'aikaciyar. "To shirya mu tafi awo, don ta nuna kana da ciki, haihuwa yau ko gobe."

Baba ya daɗe yana sosa gemu. Sannan ya juya wajen 'yarsa, ya rage murya.

"Je ki shimfiɗa wa magen nan tsumma a kwali. Ashe ba ƙiba ta yi ba."