Takalmin da Ya Ƙi Cinyewa

"Mun kankare ruɓaɓɓen ƙashin, mun tallafe bayan da ƙarfe," in ji likita. "Sai dai tarin fukan ya daɗe yana danne mata laka. Ƙafafun kam, sai yadda Allah ya yi."

Baduku ya shiga wurin matarsa, riƙe da takalmin da ya ɗinka mata na ranar sallama.

"Maigida sarkin cika baki," ta ce da murmushi. "Wannan ma shekara goma zai yi?"

"Har ya fi."

Kullum da safe yakan sa mata shi, ya ɗora ta a keken guragu. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan. Jiya ya juya takalmin ya duba ƙasansa, yadda yake yi wa na kowa. Ko ƙwarzane babu.