Ina Sautin Ya Tafi?

"Ka cire wani abu a ciki," Yaya ta ce wa mai gyara. "Rediyon Baba ƙalau take kafin ka taɓa ta."

Ya rantse ya haɗa sabuwar talabijin da tsohuwar rediyon daidai. Ga hoto yana motsi, amma falon shiru.

Ƙanenta ya bi wata siririyar waya da ta ratsa bango. Ta kai shi ɗakin Baba, wanda su 'ya'yansa suka daɗe suna shirya sayar da gidansa a gabansa, tunda ai ya kurumce.

Ashe wata lasifika ce a ƙarƙashin gado, tana magana ƙasa-ƙasa kamar raɗa.

Baba, da ke kwance a kan gadon, ko juyowa bai yi ba.

"Ku canja tasha," ya ce. "Na ji wannan labarin tun da safe."