Rantsuwar da Muttaka Ya Ƙi Yi

Saura mako biyu a ɗaura musu aure, Safara'u ta tsare Muttaka a zauren gidan iyayenta da ke Faskari, idanunta jajur.

"An ce ka daina salla. Rantse da Allah sharri ake maka!"

Ya kalli tabarma. "Ba zan rantse da abin da na daina gaskatawa ba."

"To wa ya saukar da ruwan da ya raya masararku a Tafoki?"

"Ban da amsar da za ta gamsar da ke. Amma ba zan aure ki da ƙarya ba."

Ta miƙe.

"Samari nawa suka rantse mini a kan ƙarya! Kai kaɗai ka ƙi, kuma kai ne ka haramta gare ni. Fita! Kuma kar ka kuskura wani ya ji wannan maganar."