Ajin da Ya Tura Mota

Malama, tunda kin ce yaranki sun haddace kalmomin aikatau na Turanci har talatin amma ko ɗaya ba ta yi musu rana ba, zauna in ba ki misali. An yi wani malami a wata firamare ta ƙauye, mutum mai ƙoƙari, ba ya latti, ba ya fashi. Yadda aka koyar da shi haka yake koyarwa: ya rubuta kalma a allo, ya faɗa, yara su amsa baki ɗaya, ya sake faɗa, su sake amsawa, har masu wucewa gona su ce lalle ajin nan ana karatu. Ran nan sai ga jami'ar duba makarantu ta zo. Ta shiga ajin, ta ce da yaran da Turanci su tashi tsaye. Yara arba'in, suna zaune daram, suka maimaita mata maganarta da murya ɗaya. Ta ce su tafa, nan ma suka mayar mata da ita, hannuwansu na kan benci. Ba rashin kunya ba ne, abin da aka sabar musu ke nan: duk abin da babba ya faɗa a gaban allo, amsawa ake yi. Kunya ta kama malamin kamar ƙasa ta tsage ya shige. Jami'ar ta ce za ta dawo bayan mako shida, in ta tarar da abin yadda ta bar shi, za a karɓe ajin a ba wani. Shi kuwa yana son yaran nan, tun ranar da aka kawo su makaranta suke hannunsa.

Da aka tashi, ransa a ɓace, ya biya ya gaishe da gwaggonsa, wata tsohuwa maginiyar tukwane. Ya tarar tana koya wa maƙwabciyarta gini. Yana zaune ya lura tsohuwar ba ta da dogon bayani. In ta ce "danna," hannunta na kan hannun matar suna danna yumɓu tare. In ta ce "juya," tukunyar na juyawa. Washegari malamin ya ajiye alli, ya fito da yara bakin rijiyar makaranta. Ya kama igiyar guga, ya faɗi kalmar Turanci ta ja, yana ja. Ya miƙa wa wata yarinya, ta ja tana faɗa, na bayanta ya karɓa. Kalmar zubawa a bokiti suka koye ta, har rigunansu suka jiƙe. Ta turawa kuwa a jikin baro cike da yashi, ta shara da tsintsiya a hannu, ta tsalle sai da kowa ya tsallake kwata. Kalma uku a rana, ba ya ƙarawa. Hedimasta ya fara tsaki, wasu iyaye suka ce malam ya mai da makaranta dandali. Shi kansa yakan ji tsoro ko wauta yake tafkawa, don allon ya kwana biyu bai ga rubutu ba. Ya dai daure.

Ranar da jami'ar za ta dawo aka tashi da ruwan sama, motarta ta kafe a taɓo dab da ƙofar makaranta. Yaran ajin na tsaye a baranda suna kallo, malaminsu na bayansu. Jami'ar ta gane su sarai. Sai ta leƙo ta taga, ta ce da Turanci su zo su tura. Kafin ta rufe baki sun kwaso a guje, sun dafa bayan motar, sai ga ta a kan tudu. Jami'ar ta fito tana dariya. Ta ce su tsaya, suka tsaya cak. Ta ce su je su wanke hannu, suka nufi rijiya ana rige-rigen kama guga. Ko ajin ba ta shiga ba. Ta juya wajen hedimasta ta ce, "Malamin nan a bar masa ajinsa."

To Malama, yaranki ba daƙiƙai ba ne, kuma kar in ƙara jin kin kira su haka. Yaro bai san gudu a allo ba, a ƙafarsa ya san shi. Gobe ki bar allin a aljihun tebur, ki fito da su fili, duk kalmar da kika faɗa su ga kin yi ta, su ma su yi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, gani ya kori ji.