Notin Totur

Tun da Wendell Haskins ya sauke ɗan jan babur ɗin daga bayan a-kori-kurarsa gabansa yake faɗuwa. Ɗansa Tucker shekararsa shida, kuma wannan ce Asabar ɗinsa ta farko a filin tseren yara da ke bayan garinsu a gabashin Tennessee. Kafin nan iyakarsa zagaya ciyawar bayan gida, uwarsa Lorene tana leƙe ta taga.

Lorene ba ta zo ba, tana aiki a kantin magani. Magana ɗaya ta yi wa Wendell da safe: "Kada ka taɓa notin nan."

Notin ɗan ƙarami ne a jikin totur. Masu ƙera baburan yara ne suke sa shi don ya tokare hannu: komai murɗawar yaro, babur ba zai wuce gudun mai sassarfa ba. Ana sassauta shi ne kaɗan-kaɗan, gwargwadon ƙwarewar yaro. Duk uban da ke filin ya san haka. Kusan dukkansu kuma sun cire na 'ya'yansu tuntuni, suna ba da labari kamar waɗanda suka dawo daga yaƙi.

Tucker ya shiga fili da hular kwanonsa, yana tafe tiɓis-tiɓis, yara suna wuce shi suna watsa masa laka. Wendell ya riƙe shinge, idonsa a kan hannun yaron. Duk kwanar da ya sha lafiya sai ya sauke numfashi.

Boyd, yayan Lorene, yana gefe yana juya nama a kan gawayi. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Suruki, wancan ɗanka ne, ko kakarmu ce za ta coci?"

Aka kwashe da dariya.

"Koyo yake," in ji Wendell.

"Koyon me? Injin yankan ciyawata ya fi shi gudu. Cody ɗina yana shekara biyar na cire masa. Dube shi can, kamar tsuntsu."

"Lorene ta ce a bari tukuna."

"Au, Lorene ta ce! Jama'a, kun ji, ƙanwata ta ce. Ashe mijin-ta-ce muka samu a gidanmu ba mu sani ba."

Wendell ya yi yaƙe.

Can sai ga Tucker ya tsaya a bakin shinge, ya ɗaga gilashin hularsa, idanunsa sun kawo ruwa.

"Baba, me ya sa nawa ba ya gudu? Cody ya ce babur ɗin jarirai ne."

Wendell ya san yaron nan har yanzu sai ya dubi birki da ido kafin ya kama shi. Ya san bai taɓa jin ƙarfin injin da yake zaune a kai ba. Babu abin da bai sani ba. Amma maza suna kallonsa, Boyd kuma ya riga ya miƙo sukundireba.

Wendell ya durƙusa da niyyar ya sassauta notin kaɗan.

"Haba, cire shi gaba ɗaya mana," in ji Boyd. "Namiji ne."

Wendell ya cire. Ya dafa kafaɗar ɗansa.

"A hankali za ka murɗa, ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Ya ji da kunne. Hannunsa kuwa ya saba tun ranar farko da murɗawa har ƙarshe, domin kullum akwai abin da yake tare shi. Ya murɗa yadda ya saba.

Babur ya zabura, ya jefa yaron baya. Ya ƙanƙame totur don kada ya faɗi, ƙanƙamewar kuma ita ce ƙara wuta. Wendell ya tsallake shinge a guje.

"Saki! Tucker, saki!"

Yaron da ya tsorata ba ya sakin abin da ya riƙe. Babur ya miƙe bai sha kwana ba, ya ratsa damman ciyawar da aka jera a gefe, ya daki turken ƙarfe.

Ɗaya bayan ɗaya injina suka mutu. Ɗan jan babur ɗin ne kaɗai yake kwance yana kuka, tayarsa tana juyawa.

Lorene ta iso asibitin birni da rigar aikinta. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi mijinta ta ce, "Ka taɓa?" Ya sunkuyar da kai. Boyd yana bakin ƙofa yana faɗa wa duk wanda ya wuce cewa tsautsayi ne, wa ya san haka za ta faru.

Likita ta fito ta zaunar da su. Hular ta ceci kan yaron, in ji ta. Amma ƙashin bayansa ya karye, lakarsa ta taɓu. Kada su sa rai zai sake taka ƙafarsa.

Da yaron ya farfaɗo, ya juya ido har ya sami ubansa. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Baba, na wuce Cody?"

Wendell ya durƙusa a gefen gadon, ya riƙe hannun ɗansa.

Iyaye, ba laifi ba ne a koya wa yaro babur, amma a bi shi da saurin da jikinsa ya iya, ba saurin da zai rufe bakin mutane ba. Masu yi maka dariya a fili za su koma gida da 'ya'yansu lafiya, kai ne za ka ɗauki naka.