Hannun Hagu na Suwaitar Baba

Baba ya dawo garin Isa daga yaƙin Turawa da suwaitar soja, amma babu rabin hannunsa na hagu. Hannun rigar sai lilo yake yi, yara suna kallo, har ya daina fita.

Ran nan da la'asar ya miƙa wa Inna wuƙa. "Yanke shi kowa shi huta."

"In nay yanke, duk walwalewa za ta yi, Malam. Kawo ta nan."

Inna kaɗin auduga ta iya, ba ta taɓa irin wannan saƙar ba. Ta zauna gindin rumbu tana warware zaren a hankali, tana lura da yadda kowane idon saƙa ya shiga ɗan'uwansa. Ni kuma ina naɗe ulun a mazarinta. Har yau ina jin warinsa, kamar na tunkiyar da ta sha ruwan sama. Da ta kai gwiwar hannu, ta fere tsinke biyu, ta rufe bakin daidai dungun.

Baba ya saka suwaitar.

"Gobe za ni kasuwa," ya ce.

Shekara arba'in ina saƙa, ban yi wadda ta kai rabin hannun nan ba.